Tafiyata Garwa Wurin Manomin Ciyawa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar masallaci, a kasuwar Shuwarin, har a layin karɓar magani a Dutse, sai wani ya taɓa ni ya ce, "Malam Sale, wai da gaske ne a can ana ba ciyawa ruwa da rani?" Na ba da labarin har bakina ya gaji. Amma na lura duk lokacin da na bayar, sai in tsallake wurin da ya shafe ni. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na zauna in rubuta shi duka. Bokona bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Dole in fara da abin da ya kai ni, in ba haka ba za a ɗauka yawon buɗe ido na je.

Ina da ɗan fari, namiji. Kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun yana goye ban taɓa faɗin sunansa ba, sai dai in ce "kai" ko "yaron nan". A bayan ƙauyenmu, nan kusa da Kiyawa, akwai wata saura ta mahaifina da samari suka mayar filin ƙwallo. Yaron nan ba wani gwanin buga ƙwallon ba ne, shi filin ne ya dame shi. Ya cike ramuka, ya tsince ƙaya, sannan ya riƙa zuwa fadama yana ciro kiri-kiri yana dasawa a gaban raga, wai don kada mai tsaron gida ya goge gwiwa. Kiri-kiri fa! Ciyawar da na ƙare ƙuruciyata ina yaƙi da ita a gona, ka sare ta yau, jibi ta miƙo hannu.

Wata damina ina tsakiyar noman farko, na neme shi sau uku ban gan shi ba, yana can yana dashe, don za su kara da samarin wani ƙauye ranar Juma'a. Ranar Alhamis da sassafe na ɗauko shanun huɗa na shiga filin, na mayar da shi kunya-kunya daga wannan raga zuwa waccan. Da ya zo ya tsaya yana kallo, mutane sun taru, na nuna shi na ce, "Ku ga manomin ciyawa." Aka yi dariya. Sunan ya bi shi har yara na rerawa. To ka ga, ni da ban taɓa kiransa da suna ba, wannan ne sunan farko da ya ji daga bakina.

Da kaka ta yi ya tafi ci-rani Kano, bai sake dawowa zama ba. Ya yi ban ruwan fulawa a gidajen masu kuɗi, ya koma wani filin wasa, daga nan Yola, daga nan ya ƙetara Kamaru. Shekara goma sha shida ke nan. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Yana kiran uwarsa a waya, in ta miƙo mini ya ce, "Ina wuni, Baba? Ya gona?" in ce lafiya, shi ke nan.

Bara ciwo ya kwantar da ni a asibiti a Dutse. Da na tashi na bi gari ina neman gafarar mutane, har wanda muka yi rigimar iyakar gona da shi. Da na dawo gida mai ɗakina ta ajiye mini ruwa ta ce, "Malam, ka gama zagayen?" Na ce na gama. Ta ce, "Ni a ƙirgata saura mutum ɗaya." Na gane wanda take nufi. A lokacin muka ji yana aikin gyaran babban filin wasa na Garwa, wanda ake shiryawa saboda gasar ƙwallo ta ƙasashen Afirka.

Abokin tafiyata Malam Tanko ne, taubashina, tsohon direban babbar mota wanda ya san hanyar Yola kamar tsakar gidansa. Tun a bakin titi a Kiyawa ya fara. Ya ga ƙullin da mai ɗakina ta haɗa, kuka da daddawa da yaji, ya ce, "Sarkin noma, neman gafara za ka ko talla?"

Muka hau mota da hantsi, tsakiyar bazara ce. Azare, Misau, Darazo, Dukku, sai Gombe. A Darazo taya ta fashe, muka zauna a gindin wata tsamiya muna kallon direba yana rantsuwa cewa jiya ya saye ta. Tanko ya zagaya ya duba ya ce, "Jiyan wace shekara?" Daga Gombe muka sake mota. Bayan Kaltungo na fara ganin duwatsun da suka sa na daina yi wa na Dutse kallon manya. A Numan muka ci soyayyen kifi a bakin gada, mai sayarwar ba Musulma ba ce, amma da ta ga muna neman ruwan alwala ta aika aka kawo mana buta da tabarma ba mu roƙa ba.

A Jimeta muka kwana a gidan wani Alhaji mutumin Ringim mai sayar da hatsi, tsohon sanin Tanko. Ya karɓe mu kamar 'yan uwansa na jini. Da ya ji inda za mu, ya ce, "Kuna da katin rigakafi? Mutanen can in ba takarda, ko kai waye ba ka wuce ba." Muna da shi, Tanko ya sa an yi mana tun a Dutse, har na yi ta mita a kan allurar.

Washegari muka ƙetare Binuwai muka nufi Belel. Hanyar nan ba zan yabe ta ba. Mu takwas a ƙaramar mota, da buhun albasa a kan cinyata wanda har yau ban san mai shi ba.

A kan iyaka jami'anmu suka duba mu suka sallame mu. Can ɓangarensu kuwa jandarma ne a ƙarƙashin rumfa, da tebur da babban littafi. Wani dogo ya kwance ƙullina, ya buɗe ledar daddawa ya kai hanci. Sai ya ja da baya yana wani yare da sauri, abokan aikinsa suka taso. Na ɗauka an kama ni da haramtaccen kaya. Wata 'yar kasuwa da ke bayanmu a layi ta yi musu bayani da Fulatanci, sai babbansu ya yi dariya ya ce da Hausa, "Baba, wannan ai ko a Yawunde aka buɗe shi za mu ji a nan." Na ba shi dunƙule biyu na daddawar ya kai wa iyalinsa, ya karɓa da hannu biyu.

Sai mai littafin ya tambaya, "Wurin wa za ku? Sunansa?"

Na buɗe baki na rufe. Na ce, "Ɗana ne."

"Sunansa."

Tanko ne ya faɗa, aka rubuta. Da muka fito ya dube ni ya ce, "Kai dai da kunya kuke tafe. Ka yi ta a filin yaro da garma, ga ta kuma a bakinka." Na ce masa ya kiyaye ni. Amma maganar ta bi ni har Garwa.

Abin da ba mu sani ba, da an ƙetara iyaka wayoyinmu sun mutu, layinmu ba ya aiki a can. Yaron nan ya san muna tafe, bai san ranar ba, mu kuma ba mu san gidansa ba. Sai muka ce wa masu mashin su kai mu filin wasan kawai. Ba su tambayi wanne ba.

Daga nesa na hango shi. Jama'a, na ga gini a Kano, na ga sakatariya a Dutse, amma ban taɓa ganin abu mai kama da wannan ba. Kamar an ɗauki ƙwarya an girma ta har ta isa ta haɗiye ƙauyenmu da gonakin bayansa. Wata mota mai dogon wuya tana ɗaga ƙarfen rufi sama, mutum biyu suna can ƙoli a ɗaure da igiya suna jiransa, ƙanana kamar tsuntsaye. Ƙarar walda da ta injin kwaɓa siminti ta cika wuri.

Mai gadin ƙofa Bahaushen Garwa ne, ya gaishe mu da ladabi ya ce, "Baba, wa kuke nema? Ma'aikata a nan sun fi a ƙirga."

Na dubi Tanko. Tanko ya dubi sama, yana kallon motar nan mai wuya kamar bai ji ba. Na taɓa shi. Ya ce, "Ɗanka ne, ba nawa ba. Na faɗa a kan iyaka, na yi nawa."

Mai gadi yana jira, wasu leburori sun tsaya a bayanmu suna son wucewa. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Yaron nan ne, ɗan Najeriya, manomin ciyawa."

Mai gadi ya washe baki ya ce, "A'a, shugaban gazon, mai kula da ciyawar fili! Ai ga shi nan bayanka."

Na juya. Yana tsaye, bai fi taku uku ba, da hular kwano a kansa da naɗin tiyo a kafaɗa. Ya yi jiki, gemunsa har da furfura ɗaya-ɗaya. Ya ji. Ba sai an gaya mini ba, na gani a fuskarsa. Shekara goma sha shida, na yi tafiyar kwana biyu, kuma kalmar farko da ya ji daga bakina ita ce dai waccan.

Ya ajiye tiyon, ya cire hular, ya durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Baba. Kun sha hanya. Ya Inna?" Ya gaishe da Tanko. Ya karɓi ƙullin daga hannuna. Komai daidai, babu abin da za ka kama. Amma fuskar nan a rufe take kamar ɗakin da mai shi ya yi tafiya.

Gidansa yana unguwar Hausawa, ɗaki biyu da tsakar gida mai tsabta. Matarsa Bafulatanar Garwa ce, ta gaishe ni daga bakin ƙofa ba ta ɗago kai ba. 'Ya'yansa mata biyu. Na ce da babbar, "Zo mana, matata." Ta leƙo daga bayan uwarta ta ce ita ba ta son miji mai farin gemu. Tanko ya ce, "Yarinya, kin yi hankali, mu ma haƙuri muke da shi."

Abincinsu ya burge ni. Tuwon masara da miyar yakuwa wadda suke kira folere, da giwan ruwa daga Binuwai, tsoka ɗaya ta cika tafin hannu. Da safe kuwa burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, cikinsa iska. Na gartsa, haƙorina na gaba da ke girgiza tun bara ya ce ga garinku. Tun daga nan sai na jiƙa a shayi. Wani abin da na gani, da rana ta take kowa ajiye aiki yake, har kantuna a rufe, sai an ci an huta. Da farko na ce lalaci ne. Da na ɗanɗani zafin Garwa, na ce hikima ce.

Kwana na biyu ya nemo mana izinin shiga. A ƙofa aka ce sai mun sa hular kwano. Na ce a ɗora a kan tawa, aka ce ba a yi. Dattijo da ni, na tuɓe hula a gaban jama'a na kifa kwano ruwan ɗorawa a kai. Tanko ya ce in an koma gida zai ba da labarin ya ga Malam Sale ya fito kamar tukunyar da aka rufe da murfin wata.

Yaron nan ya zagaya da mu yana bayani, da muryar da ake yi wa baƙo bayani. Filin tsoho ne, ya ce, gyara ake yi, amma gyaran da ya fi sabon gini wuya. An fasa tsofaffin matakalan zama inda suka tsage an sake zubawa, ana kafa kujeru ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta. Na tsaya ina kallon wani birkila yana gyara gefen mataki ɗaya. Ya ɗora ma'auni, bai gamsu ba, ya kankare ya sake. Wurin da ba wanda zai duba, ƙarƙashin kujera. Na ga ɗakunan da 'yan wasa za su yi wanka, da tayil fari har sama. Na ga hanya mai gangare da aka yi don masu keken guragu su hau ba sai an ɗauke su ba, abin da ban taɓa tunanin wani zai tuna da shi ba. Na ga fitilu a kan turaku huɗu da aka ce in an kunna za ka tsinci allura. Masu aikin kuwa kowane iri: Turawa, mutanen kudancin Kamaru, Fulani, 'yan Chadi, namu na Najeriya, kowa da yarensa, amma in aka ɗaga ƙarfe hannu ɗaya ake nunawa kowa ya gane.

Mai ba da umarni a ɓangaren fili mace ce, injiniya, da wando da takalmin maza, ana ce mata Madam. Na ga ƙarti sun fi ta tsawo suna gudu in ta nuna wuri. Tanko ya raɗa mini, "Wannan in a garinmu take, ita za a ba mai unguwa."

Sai muka fito ta wata ƙofa mai duhu, filin ya buɗe a gabanmu.

A tsakiyar bazara, lokacin da akuya a garinmu ke cin takarda, ga kore shar daga nan har can, a shimfiɗe kamar darduma, da layi-layi, wani mai haske wani mai duhu. Na tsaya ina ta kallo. Yaron nan ya ce a ƙarƙashinsa akwai bututu da tsakuwa da yashi hawa-hawa, yadda ko an kwana ana ruwa ba zai kwanta ba. Layin kuwa ba fenti ba ne, injin aski ne, in ya tafi ya kwantar da ciyawar gaba, in ya dawo ya kwantar da ita baya.

Na cire takalmi na taka bakin. Na durƙusa na shafa. Na kama sili ɗaya na bi shi da yatsa, na ga yadda yake rarrafe yana kafa saiwa a kowace gaɓa. Na ɗago na ce, "Kai, wannan ai kiri-kiri ce."

Ya ce, "Ita ce, Baba. Irin ta waje ce, ta fi tamu laushi. Amma ita ce."

Bai ƙara komai ba, bai kuma dube ni ba. Da ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Ina nan durƙushe sai wani abu ya ɓullo daga ƙasa kusa da gwiwata, baƙi, kamar kan maciji. Kafin in yi salati ya feso mini ruwa a fuska. Ashe famfunan ban ruwan a binne suke, lokacinsu na yi suke tasowa da kansu. Na tashi da gudu, babbar riga ta jiƙe sharkaf, hular kwano ta faɗi tana gangarawa. Leburori suka yi ta dariya, Tanko har da zama a ƙasa. Na saci kallon yaron nan, na ga ya juya baya, kafaɗarsa tana rawa. Wannan ne karo na farko da na ji jiƙewa ta yi mini daɗi.

Kwana na uku na ce zan sake binsa. Ya ce yau aiki ne ba kallo ba. Na ce zan zauna a gefe. Tanko ya tafi kasuwa neman turare.

Matsala ce ta taso a kusurwar gabas. Aya-aya ta fito a cikin kiri-kirin, ta biyo yashin da aka kwaso daga bakin kogi. Wanda ba manomi ba ba zai gan ta ba, kore ce cikin kore, sai dai ganyenta ya fi sheƙi kuma ta fi saurin tashi. Masu duba filaye daga hukumar gasar suna tafe, in suka ga fili bai yi ba, ana iya kai wasannin wani gari. An so a fesa magani, yaron nan ya ce maganin zai ƙona wurin ya bar tabo, a bar shi ya cire da hannu.

Na zauna a matakin farko ina kallo. Ya tara mutanensa shida, kowa da 'yar wuƙa. Ya durƙusa yana nuna musu, rabi da Fulatanci rabi da Hausa. "Kada ka ja ganyen. In ka ja, ganye ka samu, ƙwayar tana ƙasa, ɗaya za ta zama biyar. Soka wuƙa a gefe. Ɗaga a hankali. Ga ƙwayar. Ka ga wannan zaren? Bi shi. Zai kai ka wurin 'yar uwarta. Kada ka tsinke zaren."

Na kasa kunne sosai. Maganata ce. Haka na koya masa a gonar fadama yana ɗan shekara tara, kalma da kalma, har yadda yake kwantar da wuƙar da babban yatsa a kan ƙota.

Madam ta zo ta tsaya kusa da ni. Hausarta guntu-guntu ce. Ta ce, "Baba, kai ne baban shi?" Na ce ni ne. Ta ce, "Shi ya ce babu makaranta ya koya wannan. Ya ce baban shi, babu manomi kamar shi a ƙasar su. Kullum yana faɗa."

Na ce, "Kullum?"

Ta ce, "Har mun gaji."

Na tashi na cire takalmi, na naɗe hannun riga, na shiga filin. Wani lebura ya so ya tare ni, Madam ta ɗaga masa hannu. Na ce wa na kusa da shi ya ba ni wuƙarsa. Na durƙusa a gefen yaron nan, gwiwoyina suna ƙara. Ya ce, "Baba, rana." Na ce, "Na girme ta a gona."

Muka yi ta cira. Idona bai kai na da ba, amma yatsuna ba su manta ba. Ya bi wani zare, ni ma na bi nawa, sai ga su sun haɗu a ƙwaya ɗaya, wuƙata ta taɓa tasa. Muka tsaya.

Na ce, "Haladu."

Wallahi sunan ya yi mini nauyi a harshe kamar na ɗauki dutsen niƙa. Ya daskare, wuƙa a ƙasa. Bai ɗago ba.

Na ce, "Haladu, filin nan da na huɗe, zalunci na yi. Sunan da na sa maka a gaban mutane, shi ma zalunci ne. Na shekaranjiya a ƙofa kuwa, sunanka ne ya gagare ni, bakina ya ɗauko abin da ya saba. Na zo ne ka yafe mini."

Ya ce, "Haba, Baba. Uba ba ya neman gafarar ɗa. Mutane na kallo."

Na ce, "A gaban mutane na yi, gara su kalla."

Ya daɗe yana juya ƙwayar aya-ayar a tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Filin bai dame ni ba kamar yadda ka ɗauka, Baba. Fili ana sake shi. Ni dai na ɗauka ko ba ka san sunan ba ne." Ya yi 'yar dariya, ya goge ido da bayan hannu, ƙasa ta shafe masa fuska. "Na yafe, Baba. Duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini daɗewar da na yi."

Na ce na yafe. Muka ci gaba da cira, don aikin bai ƙare ba. Kwana biyu muka yi a kusurwar nan. Ranar da muka gama, Madam ta bi wurin a durƙushe tana shafawa, ta tashi ta sara mini kamar soja.

Ban ga masu dubawar ba, mun taho kafin su zo. Daga baya ya kira ya ce filin ya wuce. Ni ya kira, a wayata, ba ta uwarsa ba.

Ranar da za mu taho ya raka mu tasha. Ya ba uwarsa atamfa, ya ba Tanko takalmi. Ni kuwa ya miƙo mini naɗin igiya fara mai ƙulli-ƙulli. Ya ce, "Baba, saurar nan tana nan?" Na ce tana nan, gero nake sa mata. Ya ce, "Wannan igiyar awo ce. Daga farko zuwa jan ƙulli faɗin fili ne, zuwa ƙarshe tsawonsa. Aro na ba ka. In an gama gasa zan zo in karɓi abata."

Dawowa ba wani labari, sai dai jandarman nan ya gane ni ya tambaya ko da sauran daddawa.

Masu tambaya ko ana ba ciyawa ruwa da rani, ana ba ta, na gani, har ni aka ba. Masu tambaya ko na ga 'yan wasa, ban ga ko ɗaya ba. Na ga masu yi musu wurin taka ƙafa, kuma in an fara gasar kuka taru a gidan kallo, ku ɗan dubi abin da ke ƙarƙashin ƙwallon, musamman kusurwar gabas.

Da ruwan farko ya sauka bana, mai shanun huɗa ya zo ya tambaye ni yaushe za a shiga saura. Na ce masa bana shanunsa baje kunya za su yi, ba tayarwa ba. Ya ɗauka ciwon ne ya taɓa mini kai. Samari suka taya ni ja igiya muka kafa turaku. Yanzu kullum bayan la'asar ina gangarawa fadama da kwando in ciro kiri-kiri in dasa, na fara daga gaban raga. Igiyar tana rataye a zaure, na hana kowa ɗaure akuya da ita.

Jiya ina durƙushe ina dashe, Tanko ya biyo ta hanyar a kan kekensa, ya tsaya ya ɗaga murya yadda duk masu dawowa daga gona za su ji.

"Sannu da aiki, manomin ciyawa!"

Na ɗago na ce, "Yawwa, sannu. Amma ni ƙaramin ne. Babban, Haladu, yana tafe."